Abincin Baƙin Ciki

Mahaifina Periyasami ya dawo daga asibitin Salem
wando yana zame masa a ƙugu.
Kwana goma sha huɗu yana haɗiyar magani.
Maganin ya kashe zazzaɓin,
ya kuma kashe duk wanda ya tarar a hanya,
ɓarawo da mai gida, bai tambayi suna ba.
Cikinsa ya koma kasuwa ranar da ba ta ci:
rumfuna a tsaye, ba mai ciniki,
sai iska tana ƙugi.

Shekara talatin yana jan babbar mota
daga Namakkal zuwa bakin teku, shaƙe da ƙwai,
ko ɗaya bai taɓa fasawa ba, in ji shi.
Yau loma uku ta farar shinkafa,
sai ya ture kwano.

Gwaggo Karuppayi ba ta ce uffan ba.
Ta ɗebo kambu, geron ƙasarmu,
ta surfa sama-sama, ta bar masa rabin dusarsa,
ta jiƙa, ta niƙa, ta tuƙa da yamma,
ta zuba a tukunyar ƙasa, ta sa ruwa ya sha kansa,
ta rufe, ta bar wa dare sauran aikin.

Ni ce 'yar bokon gidan.
A ɗakin gwaji nake aiki, a Koyambatur,
ina kiwon halittun da ido bai isa ya gani ba,
ina ƙirga su a faranti kamar awaki.
Na san abin da dare ke yi a tukunyar nan.
Sitacin da wuta ta kwance,
sanyi kan sake ɗaure wani sashensa tamau,
ya wayi gari da taurin kai.
Miyau ya gaishe shi, bai amsa ba.
Tumbi ya juya shi har ya gaji.
Ƙaramin hanji, mai karɓar haraji,
ya lalube shi, bai samu ko anini ba.
Haka zai wuce, shi da zaren dusa,
har ƙarshen gari, babban hanji,
inda baƙi suka yada zango tun muna tsumma.
Su ke da haƙoran cinsa.
Su ci, su hayayyafa,
su biya kuɗin haya da ɗan tsami
wanda bangon hanji ke lasa ya yi ƙwari.

Na yi wa Gwaggo bayanin nan,
har da zane a bayan kalanda.
Ta riƙe zanen a juye, ta ce,
"Ashe ba ubanki kaɗai nake ciyarwa ba.
Su nawa ne?"
Na ce sun fi mutanen Madras, sun fi na duniya.
Ta tashi ta ƙara tafi biyu a jiƙon gobe.

Da safe ta dama shi da tsala da gishiri,
ga ƙananan albasa, ga ɗanyen barkono a gefe.
Baba ya leƙa kofin daga kan dakali:
"Abin da na gudu na bari a ƙauye ke nan,
ya biyo ni har nan?"
Ya sha rabi, yana yamutsa fuska.
Kashegari rabi.
Rana ta tara muka ji yana ƙwanƙwasa kofi a dakali,
yana tambaya ko tukunyar ta mutu ne.

A wurin aikinmu ba a yanke hukunci da mutum ɗaya.
Wataƙila gero ne, wataƙila lokaci,
wataƙila tsoron Gwaggo.
Ba zan rubuta shi a rahoto ba.
Abin da na gani dai,
ya huda sabon rami a bel ɗinsa can baya, yanzu ya daina amfani da shi.
Baƙin cikinsa sun dawo,
baƙin cikinmu ya tafi.

A motar komawa, gora na kan cinyata,
an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma.
Mun wuce Erode cikina ya yi ƙara.
Na ce, ku yi haƙuri, na ji,
bari direba ya fita daga ramukan nan.